Antibiyotik bayan jini ya zuba a ƙwaƙwalwa: in saya wa mahaifiyata?

Tambaya: Likita, jijiya ta fashe a kan mahaifiyata, sikana ta nuna jini ya zuba a ƙwaƙwalwa. Tana kwance a asibiti nan Garwa, ba ta magana. An ce mini akwai antibiyotik mai kare ƙwaƙwalwa, amma likitocinta ba su rubuta ba. In saya in ba ta? Hankalina a tashe yake.

Amsa: Allah ya ba Inna lafiya. Kada ka saya, ɗan'uwa.

Maganin da kake nufi minosaikilin ne, dangin tetrasaikilin. Yana ratsawa har cikin ƙwaƙwalwa, kuma a gwajin ɓeraye ya rage kumburin da ke kewaye jinin da ya zuba. Wani binciken Amurka na 2017 ya ƙunshi majinyata 16 kacal, rabinsu aka ba maganin, bai kuwa nuna sun fi sauran samun sauƙi ba. Har yanzu abin bincike ne, shi ya sa ba a rubuta ba.

Abin da ke ƙona mini rai kullum shi ne yadda irin wannan labari ke sauya kama idan ya shiga gari. Sai a ce kafso yana wanke mataccen jini. Mai tallan magani, wanda tirensa ya yini cikin ranar Garwa, ya ƙirgo ja-da-rawaya ya miƙa. A zo asibiti da dare, a ɓare kafson a kofi, a ɗaga kan baiwar Allah a ɗura mata da cokali bayan ma'aikaciyar jinya ta juya baya. Wanda jini ya zuba masa a ƙwaƙwalwa sau da yawa maƙogwaronsa ma ya shanye. Abin da aka ɗura huhu yake gangarawa, wani lokaci ko tari ba za ta yi ba. Kwana biyu sai zazzaɓi da numfashi sama-sama, ciwon huhu ya kama ta. Haka rubutu, haka kunu. Wanda kuma ya haɗa da asfirin don “a tsinka jini”, zubar jinin yake ƙarawa. Wa ya ba mai tire izinin taɓa ƙwaƙwalwar mutum?

Abin da ke kare ta yanzu shi ne saukar da hawan jini a hankali, lura da sukari da zafin jiki, da gwada haɗiyarta kafin komai ya shiga bakinta. Idan ciwon huhu ko na fitsari ya shigo, likita ne zai zaɓi antibiyotik.

Ka ji tsoron Allah a kan amanarta. Ka tsaya a bakin gadon nan, ko ƙanwar uwa ce ta zo da kofi, ka karɓe.