Amsar Goggo kan bikin 'yar shekara 15

'Yata, saƙonki ya iso, kuma sai da na yi dariya har da hawaye. Kin ce abokiyar aikinki 'yar Meziko ta ba ki kati da hoton 'yarta cikin riga irin ta amare, kina tambaya ko aurar da yarinyar za a yi, kuma ko ya dace ki je. Kwantar da hankalinki, babu ango a maganar. Ni ma shekarata ta farko a unguwar Bronx ta birnin New York na tambayi maƙwabciyata ina mijin yake, ta riƙe ciki tana dariya.

Sunan bikin quinceañera, daga quince, wato 15 da Sifaniyanci. Idan 'ya mace ta cika shekara 15 ake yinsa, a shaida wa dangi ta bar ƙuruciya ta zama budurwa. Yawancinsu 'yan Katolika ne, don haka daga coci ake farawa, fada, wato limaminsu, ya sa mata albarka, sannan a wuce ɗakin taro. A can za ki ga an zaunar da ita a tsakiyar fili, uban ya durƙusa gabanta ya cire mata takalmin yara ya sa mata mai tsini. Na taɓa ganin wani magini, tafin hannunsa duk kanta, ya kasa ɗaure igiyar takalmin saboda rawar hannu, sai da matarsa ta sunkuya ta taya shi. Daga nan a ba yarinyar 'yar tsana ta ƙarshe, wasu su miƙa wa ƙanwarsu, sai rawa da uba.

Kada yawan kashe kuɗin ya ruɗe ki, ba aljihu ɗaya ba ne. Suna da waɗanda suke kira padrino da madrina: wannan ya ɗauki kek, wancan riga, wata kuɗin makaɗa. Gudummawar biki ce irin tamu, kuma su ma sun san biki bashi ne. Inda ba na tare da su shi ne masu cin bashin banki don dare ɗaya. A 2016 wani uba a jihar San Luis Potosí ta Meziko ya yi bidiyon gayyata zuwa irin wannan biki na 'yarsa, ya bazu a Facebook, mutum fiye da miliyan ɗaya suka ce za su zo, dubbai kuwa suka je ƙauyen da gaske.

To amma idan kin shiga, nemi inda kakar take, abuela suke ce mata. Shekarun da na yi ina jinyar tsofaffi a gidajensu, mafi yawa 'yan Jamhuriyar Dominikan da Puerto Rico, masu jin Sifaniyanci irin 'yan Meziko, a nan na san mutanen. Wata tsohuwa da na yi wa aiki, jikanta ƙato mai gemu ba ya wuce ƙofarta sai ya sunkuya ya ce "Bendición", wato a sa mini albarka. Ita kuma ko ido ba ta buɗe ba za ta amsa "Dios te bendiga". Ranar da na fara ji, sai na tuna Hajiyarmu da "Allah ya yi maka albarka", jikina ya yi sanyi. Kai tsohuwa gidan tsofaffi abin kunya ne a wurinsu, ko da yake aiki biyu da tsadar haya sun fara tilasta wa wasu, suna yi suna ɓoyewa.

Ki je. Ki sa atamfarki da gyalenki, ki saka ɗan abin da ya samu a ambulan. Ki fara gaida kakar, ki haɗa sunanta da Doña, laƙabin girmama mata, ki ce mata usted kamar yadda muke ce wa manya "ku". Tú, wato "ke", na sa'o'inki ne. Abinci kuwa sai kin tambaya, don ana yawan kwaɓa tamales, wani irin alalen masara, da kitsen alade, wake ma haka. Za a sha giya, saboda haka da an yanka kek ki yi musu sallama. Ki turo mini hoton rigar, ki kuma gaida mamanki idan kun yi waya.