Hukuncin kallon finafinan ban tsoro masu aljanu da ruƙiyya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a nan Sakkwato. A ɗakin kwananmu muna tura wa juna finafinan ban tsoro ta waya: na Amurka masu limamin coci da gicciye, da na Turkiyya da Indonesiya waɗanda ake karanta Alƙur'ani ana cire aljani. Ƙawayena sun ce na biyun wa'azi ne. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Aljanu gaskiya ne, sura guda ta sauka da sunansu. Amma Allah Ya ce a Suratul A'araf, aya ta 27, suna ganinmu ta inda ba mu ganin su. Duk kamannin da mai fim ya zana musu, ƙirƙirarsa ce a kan gaibu.

Fim ɗin da ke nuna gicciye ko tsafi na korar Shaiɗan, ko mamaci ya dawo ɗaukar fansa, haramun ne kallonsa don nishaɗi. Mamaci yana barzahu har ranar tashi, kamar yadda Suratul Muminun ta faɗa a aya ta 100. Haka hukuncin yake idan akwai tsiraici.

Waɗanda ƙawayenki ke kira wa'azi su suka fi damuna. Fim ba ya sayuwa sai aljani ya yi ƙarfi, don haka za ki ga ana karanta Ayatul Kursiyyu yana dariya, yana jifa da malamin. Yarinya ta kalli wannan da tsakar dare, gobe ta karanta ayar zuciyarta na rawa. Alhali Allah Ya ce kaidin Shaiɗan mai rauni ne, kuma Muslim ya ruwaito cewa Shaiɗan na gudun gidan da ake karanta Baƙara. Tsoron iskoki shi ke kai mata wurin boka da 'yan bori, abin da Shehu Usmanu ya yaƙa, Nana Asma'u kuma ta tura jajis, wato malamai mata, zuwa ƙauyuka suna karantar da mata a kansa. To, mu ne za mu dawo da shi ta waya, a garin Hubbare?

Fim ɗin da babu ko ɗaya daga waɗannan abubuwa a cikinsa, firgitarwa kawai, makaruhi ne, kuma yana zama haramun ga wadda yake hana wa barci ko fita alwalar asuba. Kada ki tura wa kowa, balle ki nuna wa ƙannenki, domin Annabi (SAW) ya hana Musulmi ya firgita ɗan'uwansa, Abu Dawuda ya ruwaito. Idan tsoron ya riga ya shige ki, ki goge su, ki riƙe Ayatul Kursiyyu, Ƙulhuwallahu, Falaƙi da Nasi kafin kwanciya. Wallahu a'alamu.