Dusar DDGS a abincin kaji: nawa za a zuba?

Tambaya: Dillali ya kawo mini wata dusar masara daga Amurka, ana ce mata DDGS, wai furotin ɗinta ya kai kashi 27 cikin ɗari. Zan iya cire waken soya in sa ta?

Amsa: Ragewa za ka yi, Malam, ba cirewa ba. Wannan dusa ita ce ragowar masara bayan kamfanin ethanol, wato sinadarin da ake haɗawa da man fetur, ya cinye sitacinta, wanda shi ne kusan kashi biyu cikin uku na ƙwayar. Shi ya sa duk abin da ya rage yake ninkuwa kamar sau uku: furotin, mai, harza, har da gubar fumfuna. Idan masarar tun asali tana da afulatoksin, wato irin wannan gubar, to a dusar ya fi yawa, kuma zafin busarwa ba ya kashe shi.

Matsalarta babba laisin ne, wani sinadari a cikin furotin da kaji ke buƙata don gina jiki. Bai cika kashi 1 ba, alhali garin waken soya yana da kusan kashi 3. Ka cire soya, sai ka ga kajin nama suna ci ba sa cika ƙirji, ƙwai kuma ya ƙanƙance. Dole a ƙara laisin na buhu.

A kowane kilo 100 na haɗi, dusar da za a zuba wa 'yan tsaki kada ta wuce kilo 5. Kajin nama da suka tasa, kilo 10 zuwa 12. Masu ƙwai suna ɗaukar har 15, gwaiduwar ma ta ƙara launi. Fara da rabin adadin, ka cika shi cikin mako guda. In kashinsu ya yi ruwa, shimfiɗa ta jiƙe, ja baya. Sau da yawa harza ce ta yi yawa ko gishirin dusar.

Tambaya: Yaya zan gane mai kyau?

Amsa: Ɗebo a tafin hannu. Mai kyau ruwan zinare ce, da ɗan ƙamshin tsami, tana zuba warwar. Wadda ta yi duhu kamar garin kofi, tana ƙauri, wuta ta ƙona laisin ɗinta. Komai arhar ta, bar wa dillali kayansa. Haka wadda ta dunƙule.

Mai da ke cikinta yana saurin lalacewa a zafinmu, don haka kada ka sayi fiye da ta wata ɗaya, musamman da damina. Jera buhunan a kan katako, nesa da bango.