Sun rufe min PR wai kwafowa na yi, alhali kod ɗin a fili yake a intanet

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a sashen kwamfuta, aji uku, ina zaune a Rijiyar Zaki. Na tura PR, wato buƙatar a haɗa kod ɗina da nasu, a ripo ɗin TheAlgorithms na Python, wato ma'ajiyar kod ɗinsu a shafin GitHub, algoridim ɗin binciken raba-biyu ne (hanyar nemo abu a jeri ta hanyar raba shi biyu-biyu), kuma wallahi yana aiki na gwada. Da farko bot ɗinsu ya yi ta ƙorafi wai babu doctest (gwajin da ake rubutawa a cikin bayanin kod ɗin), daga baya wani cikin masu kula da wajen ya rufe ya ce kwafowa na yi. Eh a wani shafin koyarwa na ɗauko amma na canza sunayen bariyabul, kuma ai ofin sos ne (kod ɗin da aka buɗe wa jama'a), kowa ɗauka yake. Hankalina ya tashi kar a toshe min akawun don ina so in saka GitHub ɗina a CV. Ko dai don sun ga ɗan Najeriya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka kwantar da hankalinka, rufe PR ɗaya ba ya jawo a toshe akawun, kullum ana rufe na mutane daga ko'ina a duniya. Inda matsala take shi ne in ka mayar da abin sana'a, nan masu kula da ripo suna da damar toshe ka daga wajensu. Maganar Najeriya kuma ka cire ta a ranka, bot bai san Kano ba bai san Indiya ba, fayil kawai yake karantawa.

Ƙorafin bot ɗin mai sauƙi ne, duk yana rubuce a CONTRIBUTING.md ɗinsu, fayil ɗin ƙa'idojin ba da gudummawa, wanda na tabbata ba ka buɗe ba. Suna so kowane fankshin ya zo da doctest, ka nuna nau'in abin da yake karɓa da wanda yake dawowa da shi, sunan fayil ƙananan baƙaƙe da layin ƙasa kamar binary_search.py, fankshin ya dawo da amsa maimakon ya yi ta print, in an ba shi shirme ya jefa ValueError, wato saƙon kuskure. Ka saka pre-commit a kwamfutarka, shi ne zai sa manhajojin duba kod irin su ruff da mypy su duba maka kafin ka tura, kar ka taɓa DIRECTORY.md, jerin fayilolinsu, don da kansa yake sabuntawa, kuma kar ka je kana roƙon a ba ka issue, wato matsalar da aka rubuta tana jiran gyara, sun faɗa ƙarara ba sa rabawa, ka gyara kawai ka turo. Tsarin rubutun tushensa PEP 8 ne, ƙa'idar salon rubuta Python da take nan tun 2001, sai dai su layi zai iya kaiwa baƙi 88 maimakon 79. Sannan binciken raba-biyu ai tuni suna da shi, ba sa karɓar maimaici. Wannan duka aikin yamma ɗaya ne in akwai wuta.

Abin da ya dame ni a tambayarka shi ne wannan kalmar ta "ai ofin sos ne kowa ɗauka yake". Wallahi na gaji da jin ta, kusan kullum sai wani yaro ya faɗa min ita da ƙarfin gwiwa. Ganin kod a fili a intanet bai mayar da shi naka ba. Duk wanda ya rubuta kod, haƙƙin mallakarsa nasa ne tun daga lokacin da ya rubuta, ba sai ya yi rajista ba, kuma ko a nan gida Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan rubutu da ake karewa. Abin da yake ba ka izinin ɗauka shi ne lasisi. In ka shiga ripo ba ka ga fayil ɗin LICENSE ba, to mai shi bai ba kowa komai ba, ƙa'idar GitHub ta ba ka damar ka kalla ka yi fok, wato kwafinsa a akawun ɗinka, a cikin GitHub ɗin, iya nan ta tsaya. Shafukan koyarwa kuwa yawancinsu ka gangara ƙasan shafin za ka ga sun rubuta duk haƙƙi nasu ne, su sun buɗe ne don ka koya su kuma su ci kuɗin talla.

Yanzu ka duba abin da ka yi ba tare da ka sani ba. TheAlgorithms lasisin MIT suke amfani da shi, ma'ana duk abin da ya shiga wajen an ce wa duniya ku ɗauka, ku gyara, ku saka a kayan da za ku sayar, sharaɗin kawai ku bar sanarwar lasisin. Kai da ka tura PR kana cewa ne wannan aikina ne kuma na yarda a raba shi a haka. To ka bayar da kyautar abin da ba naka ba. Da sun haɗe shi, gobe wani kamfani ya ɗauka yana ganin halal ne, ranar da mai kod ɗin ya farga ya aika wa GitHub takardar DMCA, wato ƙorafin satar haƙƙin mallaka, ba kai kaɗai abin zai shafa ba, kuma irin waɗannan takardun GitHub a fili take wallafa su kowa ya karanta. Mutumin da ya rufe maka PR kare aikin ɗaruruwan mutane yake, kuma kyauta yake yi bayan ya tashi daga wajen aikinsa.

Kar ka ɗauka tsoratarwa ce. A watan Maris na 2021 wani ƙaramin kunshin kod na yaren Ruby mai suna mimemagic, yana ƙarƙashin MIT, aka gano akwai fayil ɗaya a cikinsa da aka ɗauko daga wani aikin, shared-mime-info, wanda yake ƙarƙashin lasisin GPL. Fayil ɗaya fa. Mai shi ya janye tsofaffin fitowar, kuma da yake Rails, tsarin da mutane da yawa ke gina shafukan intanet da shi, ya dogara da kunshin, ranar mutane a duniya suka wayi gari manhajojinsu sun ƙi haɗuwa. GPL ma ofin sos ne, MIT ma ofin sos ne, amma ba ka da ikon kwaso na GPL ka liƙa masa MIT, don GPL sharaɗinta shi ne abin da aka gina da ita aka raba ya ci gaba da zama GPL. Ko Stack Overflow, shafin tambaya da amsa da muke kwana a ciki, amsoshinsa lasisin CC BY-SA gare su, akwai ambaton mai shi akwai sharaɗin rabawa da irin lasisin.

Sai batun canza sunayen bariyabul, arr ta koma lst, i ta koma j. Ɗan'uwa wannan bai canza komai ba, kuma wanda ya shekara yana duba PR kallo ɗaya zai yi ya gane, tsarin ɗaya, sharhin ɗaya, wani lokacin har kuskuren rubutun asali yana nan. Shi algoridim ɗin kansa ba na kowa ba ne, Dijkstra ya wallafa nasa na gajeriyar hanya a 1959 kuma kowa yana da damar rubuta shi. Kamar tela ne, salon kaftani ba wanda zai hana ka ɗinkawa, amma ka shiga shagon wani ka ɗauko wanda ya ɗinka ka canza maɓalli ka ce aikinka ne, ai ka san sunan wannan. Ka karanta bayanin ka fahimta, ka rufe shafin, ka rubuta da hannunka.

Laifin ba naku ba ne ku kaɗai. Akwai masu buɗe ajin koyar da kod a garin nan, su karɓi kuɗin iyayen yara, abin da suke koya musu kawai yadda za a cika GitHub da koren akwatunan da ke nuna ranakun da ka tura aiki, wai kamfanin waje yana gani zai ɗauke ka aikin dala. Ga masu bizines senta da suke sayar da furojet ɗin kammala karatu, kod ɗaya a sayar wa mutum nawa a canza suna da lambar rajista. Wallahi cutar yaran nan ake. Mun ga ƙarshen wannan tunanin a Hacktoberfest na 2020, shirin ƙarfafa gudummawar ofin sos na watan Oktoba, lokacin da kamfanin DigitalOcean ke ba da riga ga wanda ya tura PR huɗu, mutane suka yi ta tura shirme, a ƙara kalma ɗaya a README, fayil ɗin gabatar da ripo, a ce gudummawa, har sai da aka canza dokar cikin kwanaki ya zama sai ripo ya nuna yana ciki. Wanda zai ɗauke ka aiki buɗe PR ɗin yake ya karanta abin da aka ce maka da yadda ka amsa.

Kuma kod ɗin kwafe ba lasisi kaɗai ne haɗarinsa ba. Ka ce "yana aiki na gwada", da me ka gwada? Ka ba shi jerin da babu komai a ciki? Mai abu ɗaya? Wanda abin da ake nema yake a ƙarshe, ko babu shi sam? A 2006 Joshua Bloch ya bayyana cewa binciken raba-biyu da shi da kansa ya rubuta a Java ya yi kusan shekara 9 da kuskure a ciki, wajen haɗa low da high, lambobin farko da ƙarshen wurin da ake nema, a raba biyu, in jerin ya yi girma sosai lambar sai ta tumbatsa ta koma ƙasa da sifili. A Python wannan ba zai same ka ba, amma in irinsa ya kwana da kuskure shekaru, kai da ka kwaso ba ka karanta ba fa? Dalilin nacewa a kan doctest ke nan. Haka wanda ChatGPT ya rubuta maka, in ba za ka iya bayanin kowane layi ba kar ka tura, manyan ayyukan ofin sos irin su Gentoo da NetBSD ma a 2024 sun kafa doka a kan irin wannan kod ɗin, kuma ɗaya daga dalilansu rashin sanin asalinsa ne. Mu da aka rene mu da sanin haƙƙin mutum ba ya yafuwa sai mai shi ya yafe, bai kamata a ce Bature ne zai tuna mana wannan ba.

Abin yi yanzu, ka koma PR ɗin ka rubuta layi biyu, ka ce gaskiya ne ka ɗauko daga shafi kaza, ba ka san dokar ba, ka gode. Kar ka yi musu kar ka goge akawun. In akwai irin wannan kod ɗin a ripo ɗinka ka cire ko ka rubuta inda ya fito in lasisinsa ya yarda. Sannan ka bar sabon algoridim tukuna, ka nemo fayil a wajensu da doctest ɗinsa bai cika ba, ka ƙara gwajin jerin da babu komai da na shigar da shirme, fayil ɗaya a PR ɗaya, ka gudanar da pre-commit ya wuce sannan ka tura. In sun yi makonni ba su duba ba kar ka yi ta kiran sunansu, layin dogo ne.