Amsa ga mai tambayar yadda ake yin nisa a manyan gasannin poka na intanet

Barkanmu da warhaka. Ɗan'uwa, ka ce a gasannin da mutum dubu biyar ko dubu goma ke shiga kana wuce awa biyun farko lafiya lau, amma da an doshi wurin da ake fara biyan kyauta sai ka tarar ƙwandalolinka, wato 'yan faifan da ake wasa da su a madadin kuɗi, sun zagwanye, ka zuba ragowar da duk kartar da ta zo hannu, a yi waje da kai. Kana tambaya ko rashin sa'a ne.

Sa'a tana da nata kason, amma abin da ka kwatanta ciwon masu jiran manyan karta ne. Bari mu yi lissafi tukuna. A babbar gasar WSOP, wato jerin gasannin poka na duniya, da aka yi a shafin GGPoker a 2020, shiga 5,802 aka ƙirga, kuɗin kyauta ya haura dala miliyan 27, Stoyan Madanzhiev ɗan Bulgeriya ya tafi da kusan miliyan 3.9. Wanda zai ci irin wannan gasa dole kowace ƙwandala da ke cikinta ta dawo gabansa, ma'ana sai abin da ya fara da shi ya ninka kansa fiye da sau 12. To a ɗauka duk sanda ka zuba duka As biyu ne a hannunka, abokin karawarka kuma yana riƙe da tagwaye, wato karta biyu masu daraja ɗaya, da ba su kai naka ba. Kusan sau 80 cikin 100 kai ne da nasara. Amma a ce ka tsallake hakan sau 12 a jere ba tare da an kayar da kai ko sau ɗaya ba, damarka ba ta kai kashi 7 cikin ɗari ba. Kuma As biyu sau ɗaya suke zuwa a cikin rabo 221. Ka ga ke nan ba da manyan karta ake gina tulin ƙwandalolin da ke kai mutum teburin ƙarshe ba. Da ƙananan tukwane, wato abin da aka zuba a tsakiya a rabo ɗaya, da ake kwashewa ba tare da an buɗe karta ba ake gina shi. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Abu na farko da zan ce ka yi yau ɗin nan: shiga saitin manhajar ka mayar da ƙwandalolinka su riƙa bayyana da adadin babban bilayin, wato babban kuɗin dolen da ake zubawa kafin rabo. Dubu tamanin a gabanka ba ta gaya maka komai. Bilayin 16 kuwa ta gaya maka irin wasan da ya rage maka.

Farkon gasa ba sai na daɗe a kansa ba, tunda ka ce nan ba ka da matsala. Da bilayin ɗari ko fiye, shiga da ƙananan tagwaye da karta masu bin juna in farashin ya yi sauƙi, domin tagwaye kan haɗu da ta ukunsu a kartan ukun farko da ake buɗewa a tsakiya kusan sau ɗaya cikin takwas da rabi, kuma ranar da suka haɗu mai As da Sarki zai biya ka da kyau. Kada ka ƙarar da tuli mai zurfi a kan tagwaye ɗaya tal. Ni dai ina son zama da wuri maimakon rajistar makara, don a lokacin ne waɗanda ba su iya ba suke rabar da ƙwandalolinsu, in ka zo a makare wasu sun riga sun kwashe.

Tsakiyar gasa ce inda ake barinka a baya. A tebur mai mutum takwas, ƙaramin bilayin da babba da ante, wato ƙarin kuɗin dolen da ake sawa kowane rabo, sukan haɗu su kai bilayin biyu da rabi a tukunya tun kafin kowa ya duba kartarsa. Wannan shi ne harajin da kake biya duk zagaye ɗaya. In kana da 20, kashi ɗaya cikin takwas na dukiyarka ke tafiya a kowane rabo takwas, ga shi kuma matakin bilayin na hawa duk bayan 'yan mintoci. Yanzu juya lissafin. In kowa ya ajiye har aka zo kanka kana kujerar mai rabo ko wadda ke gabanta, ka ɗaga zuwa bilayin 2.2 don ka ci 2.5. In suka ajiye sau 47 cikin ɗari kawai, ka mayar da kuɗinka ko da takardar banza ce a hannunka, balle kuma wani lokacin su amsa ka ci tukunyar daga baya. Irin wannan sata ta bilayin sau ɗaya a zagaye ta biya maka haraji. Biyu, ka fara girma.

Sai dai ba kowa ake yi wa ba. Ka san mutum biyu ko uku da ke hagunka kamar yadda ka san maƙwabtanka: wane ne ke ajiyewa da an taɓa shi, wane ne ke mayar da martani, nawa ke gaban kowanne. Mai bilayin 12 a hagunka haɗari ne, domin zai iya zuba duka a kanka, kai kuma ka rasa yadda za ka yi. Kafin ka ɗaga, ka riga ka yanke shawarar abin da za ka yi in ya zuba. Haka nan in kai ne a babban bilayin aka ɗaga zuwa biyu, ɗaya kawai za ka ƙara a kan tukunya mai huɗu da rabi. Damar kashi 18 cikin ɗari ta ishe ka a lissafin farashi. Masu ajiye tara da bakwai masu tambari ɗaya a wannan wurin kyauta suke bayarwa.

Tsakanin bilayin 15 zuwa 25 akwai makamin da na lura mutanenmu ba su cika amfani da shi ba. Wani mai yawan ɗagawa ya buɗe da 2.2 daga kujerun ƙarshe, tukunya ta zama 4.7, kai kana da 20. Ka zuba duka. In ya ajiye, tulinka ya ƙaru da kusan rubu'i ba a ga kartarka ba. Yawancin abin da yake buɗewa da shi a wannan kujera ba zai iya amsa bilayin 20 da shi ba. Tagwayen biyar, As da goma, Sarki da Kwin, As da ƙaramar karta masu tambari ɗaya, duk suna wannan aiki. A wannan zurfin kuma ka rage amsa ɗagawar mutane don ka "ga abin da zai fito". Tulinka ba shi da ƙibar wannan yawon.

In ka sauko 12 zuwa ƙasa, magana ta koma biyu: ko ka zuba ko ka ajiye, kuma ka fi so ka zama kai ne farkon shiga tukunyar. Dalilin da ya sa ba a jira a kai biyar shi ne, mai babban bilayin zai ƙara huɗu ne kawai a kan bakwai da rabi, kusan kowace karta ta ishe shi amsawa. Da goma ana tsoronka. Da biyar an daina.

Bakin kuɗi, wato lokacin da 'yan kaɗan suka rage a fara biya, shi ne inda ake yawan gardama a nan. Galibin gasanni kusan kashi 15 cikin ɗari na mahalarta suke biya, kuma mafi ƙanƙantar kyauta ba ta cika wuce ninki biyu na kuɗin shiga ba, alhali manyan kuɗin suna teburin ƙarshe. Saboda haka noƙewa na awa guda don a shiga kuɗi da bilayin huɗu ciniki ne mara riba. Amma waɗanda ke cewa a rufe ido a yi ta zubawa su ma ba su yi daidai ba. Akwai lissafin da ake kira ICM, wanda ke nuna darajar ƙwandala da kuɗin gaske. Misali mutum uku suka rage, kyauta 50, 30 da 20, ƙwandaloli kuma 5,000, 3,000 da 2,000. Mai rabin ƙwandalolin rabonsa bai wuce 38 da ɗoriya ba, mai kashi ɗaya cikin biyar kuwa nasa ya kusa 29. Wato ƙwandalar da ka rasa ta fi wadda ka ci tsada. Abin da ke fitowa daga nan a aikace shi ne: ka faɗaɗa hannu wajen zubawa kai ne farko, ka tsuke shi sosai wajen amsa zubawar wani. As da Jak da za ka zuba da su hankali kwance, sau da yawa ajiye su ake yi in wanda ya fi ka tuli ne ya riga ka. In kuwa kai ne mai babban tulin, masu matsakaici za ka matsa wa, su ne ke da abin asara. Gajeru, wato masu ƙaramin tuli, sun riga sun sallama.

Wuri ɗaya ne noƙewa ke zama daidai ɗari bisa ɗari: gasar neman kujera, irin wadda Chris Moneymaker ya bi ta shafin PokerStars a 2003 ya samu shiga babbar gasar Las Vegas, ya doke mutum 838 ya ci dala miliyan 2.5. A can na ɗaya da na ƙarshen masu samun kujera abu ɗaya za a ba su, don haka mai tulin da ya riga ya tsira yana iya ajiye As biyu ba a ce ya yi wauta ba. A gasar da ake sa lada a kan kowane ɗan wasa ga wanda ya fitar da shi kuma abin ya juya: in tulinka ya rufe na wanda ya zuba, ladan kansa na sa ka amsa da kartar da a wata gasar za ka jefar.

Da an shiga kuɗi, gajerun da suka daɗe a maƙale sukan ɓalle gaba ɗaya. Na ɗan lokaci ka rage sata, ka ƙara amsawa. In aka rage tebur biyu ko uku, ka riƙa ƙirga kujeru. Tebur mai mutum shida bilayin na dawo maka da sauri, As da bakwai da ka saba rainawa ta zama kartar buɗewa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu nan gida. Manyan gasannin Lahadi da yamma suke farawa a agogonmu, mai nisa kuma sai ya kai tsakar dare ko asuba. In aka ɗauke wuta ko sabis ya yanke, lokacin tunaninka zai ƙare, manhaja ta ajiye maka karta, bilayin kuma ya ci gaba da cin tulinka. Ka tanadi layi na biyu da cikakken caji kafin ka zauna. Hutun minti biyar da ake bayarwa a ƙarshen kowace awa ka tashi ka taka, gajiya ta fi mugun rabo kashe mutane a awa ta bakwai.

Batun kuɗi, ka ce gasannin da ba a biyan kuɗin shiga kake yi, kuma ni ba zan ce ka wuce nan ba. Hukuncin caca a addini ba ɓoyayye ba ne, kowa ya san ayar Ma'ida. Ko ta fuskar lissafi ma, ƙwararrun da ke wannan sana'a a Turai sun fi fita hannu rabbana a mafi yawan gasannin da suke shiga, sukan yi watanni suna asara, shi ya sa suke ajiye kuɗin shiga ɗari ko ɗaruruwa a gefe. Wanda ya taɓa kuɗin cefane da sunan zai zama Moneymaker bai fahimci lambobin da na kawo a sama ba.

Ka buɗe tarihin wasanka na gasa uku da suka wuce. Kada ka tsaya kan rabon da aka fitar da kai, wannan yawanci ba shi da laifi. Ka nemo wuraren da kake da bilayin 15 zuwa 30, kana kujeru ukun ƙarshe, kowa ya ajiye har kanka, kai ma ka ajiye. Ka turo guda goma nan tare da yawan tulin mutanen da ke hagunka, mu duba su ɗaya bayan ɗaya.