Da zarar allon ya ɗaga sai ya faɗo da hanci, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Samaru ne nan Zariya amma aiki ya kai ni Legas, a can na koyi hawan allon ruwa mai tafiya da iska har na iya gudu da juyawa. Kwanan nan na sayi foyil na hannu, wannan fiffiken da ake ɗaurawa a ƙasan allo ya ɗaga shi sama da ruwa. Matsalata da zarar ya ɗaga sai ya yi sama gaba ɗaya ya dawo ya daki ruwa da hanci ya watsar da ni. Sel ɗina, wato tantanin da iska ke turawa, murabba'in mita 7 ne, sandar foyil ɗin santimita 95. Sannan in na zo gida hutu da hunturu zan iya gwadawa a dam ɗin Kubanni ko na Shika?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kayanka ba su lalace ba, ƙafarka ta baya ce ke jawo maka wannan wahalar, kuma kusan duk wanda ya fara iya allon da ba shi da foyil kafin ya hau foyil sai ya sha ta.

Ka duba yadda ka saba tsayuwa. A allo na da, kana kwantawa baya ne ka rataya a jikin sel, ka danna ƙafar baya tana tokare da fin, wato ɗan reshen da ke ƙarƙashin allo ta baya, haka ake samun gudu. To a foyil wannan dannawar ita ce ke ce wa fiffike ya hau. Hancin allo ya ɗaga, fiffiken gaba ya ƙara kallon sama, ya ƙara ɗagawa, kafin ka ankara ya iso saman ruwa ya shaƙi iska, kuma da ya shaƙi iska shikenan ƙarfin da ke riƙe da kai ya tafi lokaci guda, shi ya sa faɗuwar take zuwa ba sallama. Kamar ɗan acaba ne ya zauna can ƙarshen sit ya murɗa totur, dole tayar gaba ta tashi.

Don haka ka miƙe tsaye sosai a kan allon, ƙugunka ya zo saitin ƙafar gaba, kafaɗunka kada su wuce gefen allo da yawa, hannuwa a miƙe ba a tanƙware ba. Idonka a can gaba inda za ka, in ka sunkuyar da kai kana kallon hancin allo to kullum gyaranka zai zo a makare. Kuma gyaran kaɗan ne wallahi, ba taka ƙafa ba ne da ƙarfi, ƙugu kawai za ka ɗan zame gaba ko baya kamar faɗin tafin hannu. Mutane na raina wannan amma shi ne duk sirrin.

Ga wani abu da ke rikita sabon hawa. In ka ji ka yi sama tsoro ya kama ka, hannun baya ne zai fara sakin sel da kansa. Kada ka bari. Sel ɗin in yana cike da iska yana danna allon ƙasa ta gindin sandarsa, ka sake shi farat ɗaya wannan nauyin ya ɗauke, hancin ya ƙara tashi. Ka sassauta a hankali kana danna bum, wato sandar da kake riƙe sel da ita, ƙasa da hannun gaba, nauyinka na bin ƙafar gaba. Kuma a kwanakin farko ma kada ka nemi tashi mai tsawo, ka ɗaga kaɗan ka sauke da kanka, ka sake ɗagawa ka sauke, har jikinka ya gane cewa saukar a hannunka take. In faɗuwa ta zo kuma kada ka saki bum ko me zai faru, riƙon nan shi ke nisanta ka da fiffiken, gefensa kaifi gare shi. Hular kwano da rigar kare ƙirji ba kwalliya ba ce a nan, ka sa su.

Kayan naka kuwa sun ɗan yi maka yawa. Sandar foyil mai santimita 95 ita ce tsawon da ake amfani da shi a ajin tsere na iQFoil, wanda ya maye gurbin tsohon ajin RS:X a gasar Olamfik ta Faris a 2024 da aka yi tseren ruwanta a Marsai, su ƙwararru ne masu neman gudu. Mai koyo gajera ta fi masa, 60 zuwa 75, ko ka faɗo ba daga nesa ba ne. In babu halin saya ka yi haƙuri da taka amma ka riƙa tashi ƙasa-ƙasa. Fiffiken gaba ya zama mai faɗi, irin wanda ke ɗagawa tun gudu bai yi yawa ba. Sel mita 7 in iska ta kai kilomita 20 zuwa 28 a awa zai iya fin ƙarfinka, domin da allo ya rabu da ruwa jan da ke riƙe shi ya ragu sosai, ka sauko zuwa 5 da rabi ko 6 ka gani.

Wajen saiti, gindin sandar sel shi za ka fara taɓawa. Ka matsar da shi gaba santimita 2, hancin zai kwanta, in kuma ka ga allon ya ƙi tashi sai da faɗa ka dawo da shi baya. Madaurin ƙafar gaba ya zauna kusan saitin fiffiken gaba kuma ka sassauta shi yadda ƙafa za ta zare da sauƙi, na baya ka kwance su gaba ɗaya ka ajiye tukuna. Bum ya tsaya wajen kafaɗa. Ƙugiyar hanis, wato ɗamarar da kake rataya jikinka da ita a sel, ka bar ta sai ka iya riƙe tashi a miƙe. Wosha ɗin da ake sawa ƙarƙashin ƙaramin fiffiken baya don canza kwanarsa, wannan ka bar shi sai ƙarshe. Roƙona ɗaya, abu guda za ka riƙa canzawa a kowace fita, in ka taɓa uku lokaci ɗaya ba za ka san wanne ya gyara wanne ya ɓata ba. Tunda a ruwan gishiri kake kuma na hannu ka saya, ka riƙa kwance notocin kana wankewa da ruwan famfo kana shafa musu man hana tsatsa, alminiyom da ƙarfen noti in gishiri ya shiga tsakaninsu haɗewa suke yi har sai an fasa.

Maganar dam kuwa, na san yadda mutum ke son ya nuna wa 'yan gida abin da ya koyo, amma ban goyi baya ba a matakin da kake. Iskar hunturu a nan Zariya tana zuwa ne bugu-bugu daga arewa maso gabas, ta kaɗa ta ɗauke, kuma irin ta ce ke jefa mai koyo sama. Lokacin ruwan ma ya fara ja baya, ga laka ga ciyawa ga kututture da ragar masunta da ba ka gani, kai kuma kana jan ƙarfe kusan mita guda a ƙarƙashinka. Ga haɗarin tsargiya a ruwan da ba ya gudu, ga shi ruwan sha ne na jama'a sai da izinin masu kula da shi, kuma babu kwale-kwalen ceto in ka ji ciwo a tsakiya. Ka bar kayan a Legas ka zo hutunka, in ka koma ka nemi rana mai iska daidai da ruwa kwance, ka fara da matsar da gindin sandar nan gaba.