ERA na wasa uku ne yake ƙona maka jeri

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a unguwar Bronx ta New York, tuƙin tasi nake yi. Abokan aikina 'yan Dominika suka koya mini kallon besbol, daga nan na shiga haɗa jerin 'yan wasa na kullum a DraftKings, manhajar da ake zuba kuɗi a ci gwargwadon makin da 'yan wasan jerin mutum suka tara. Mai jifan da ERA ɗinsa, wato matsakaicin cin da ake masa a cikakken wasa mai zango tara, ya fi ƙanƙanta a wasa uku na baya nake ɗauka, in haɗa da wanda ya fi yawan nasara. Amma daren da na ɗauke shi, daren ake yi masa ruwan duka. Har wani nake biya duk wata yana turo mini jerin da ya ce ba ya faɗuwa, ban ga canji ba. Abin ya fara taɓa kuɗin da nake aika wa gida, hankalina a tashe yake. Ina kuskuren?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin maganar jifa, kuɗin da kake aika wa gida ba na wannan wasa ba ne. Yau ɗin nan ka shiga saitin asusunka ka sa iyakar abin da za ka iya zubawa, ko ka rufe shi na wani lokaci. DraftKings da takwaransa FanDuel duka suna da wannan tsari. Suna kuma da gasar kyauta da ba a zuba ko sisi, kuma duk abin da zan faɗa maka yana aiki a can. Zuba kuɗi a ci ko a rasa, ni da kai mun san sunan da malamanmu suke kiransa, ba zan sauya masa suna don akwai lissafi a ciki ba. A 2015 mujallar Sports Business Journal ta buga bincike kan rabin farko na kakar besbol ta shekarar: kashi 1.3 cikin ɗari na masu wasa ne suka kwashe kashi 91 na ribar. Manyan cikinsu manhajar kwamfuta ce take haɗa musu ɗaruruwan jeri a dare ɗaya. Da su kake karawa daga cikin tasi, bayan kamfani ya riga ya cire kasonsa.

To, kuskuren. ERA na wasa uku. Babu ranar da ba na cin karo da wannan magana, har na gaji da ita, domin ita ce ta fi kowace cinye kuɗin sababbin shiga. Kallon kitse kake wa rogo.

Wasa uku zango 18 ne idan mai jifa ya yi shida-shida. A ce an ci shi uku a ciki, ERA ɗinsa 1.50, kowa na yabo. Yanzu koma cikin ɗaya daga wasannin: zango na biyar, mutum biyu a kan tasha, wato wuraren da masu gudu suke tsayawa kafin su kai gida su ci, mai bugu ya ɗaga ƙwallo sama, mai tsaron dama ya ja da baya har bayansa ya bugi katanga ya cafke. An tashi ba ci. Da a Yankee Stadium ne, can kusa da kai, inda katangar dama take ƙafa 314 kacal a bakin layi, wannan ƙwallo tana cikin 'yan kallo, ci uku ke nan, na mai bugun da na mutum biyun. ERA ya koma 3.00. Jifa ɗaya, hannu ɗaya, mutum ɗaya, amma lambar ta ninka. Me ka koya game da gwanintarsa? Ba komai. Tsawon fili ka auna da tsallen mai tsaro.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 2001 Voros McCracken ya nuna cewa da zarar sanda ta taɓa ƙwallo ta faɗa cikin fili, ikon mai jifa a kan abin da zai biyo baya kaɗan ne. Cikin irin waɗannan ƙwallaye, kusan uku cikin goma suna zama bugu mai kyau, wanda mai bugu ke kai wa tasha lafiya, ko gwani ne ya jefa ko ɗan koyo. Shi ne BABIP da kake gani a shafukan ƙididdiga. Idan ka ga mai jifa da BABIP na .210 a makonni biyu, sa'a ce da masu tsaro nagari, kuma za ta koma inda ta saba. Binciken Russell Carleton ya nuna cewa yawan kora, wato K, fitar da mai bugu bayan ya kasa jifa uku, yana fara faɗin gaskiya bayan mai jifa ya fuskanci masu bugu wajen 70, kyautar tasha, wato barin mai bugu ya wuce tasha ta farko saboda jifa huɗu sun kauce, wajen 170, shi kuwa BABIP sai an buga masa ƙwallo wajen 2,000. Masu bugu 70 kusan wasa uku ke nan. Ashe wasa ukun da kake dubawa suna da abin faɗa, layin da bai dace ba kake karantawa. ERA kake kallo, K na nan gefensa ba ka waiwaye shi ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai, wannan kuskure sau biyu yake cin mutum. Mai jifa ya yi wasa uku masu kyau, kamfani ya ɗaga farashinsa, jama'a kuma suka ruga kansa. Ka saye shi da tsada daga kasafin wasa na dala 50,000 da kamfani ke ba kowane jeri, ba kuɗin gaske ba, abin da ya rage bai isa masu bugu na kirki ba. Idan ya yi kyau, rabin gasar na da shi, ba ka wuce kowa ba. Idan aka dake shi, kun nutse tare.

Nasarar da ake rubuta wa mai jifa kuwa ta fi ERA yaudara. A 2018 Jacob deGrom na Mets ya gama kaka da ERA 1.70 da K 269, ya ɗauki kyautar Cy Young ta gwarzon masu jifa, amma nasararsa 10 ce, rashin nasara 9, saboda abokan wasansa ba sa ci masa. Félix Hernández na Seattle ya ɗauki kyautar a 2010 da nasara 13 da rashi 12. Nasara tana hannun masu bugun ƙungiyarsa da masu karɓarsa a zangunan ƙarshe. A DraftKings maki 4 ce kawai, daidai da K biyu.

Dubi yadda makin yake taruwa, ka ga da idonka. Kowane zango 2.25, kowane K 2, kowane ci da aka ɗora masa a cire 2, kowane bugu ko kyautar tasha a cire 0.6. Mai jifa na farko ya yi zango 6, K 9, an ci shi 3, bugu 6, kyauta 2, bai samu nasara ba: maki 20.7. Na biyu ya yi zango 6, K 3, an ci shi 1 kacal, bugu 5, kyauta 1, ya kuma samu nasara: maki 17.9. Wanda jarida za ta yaba gobe shi ne ya zo na biyu. Sai mummunan dare: kowannensu zango 5, ci 4, bugu 8, kyauta 2. Mai kora ya yi K 7, ya tsira da 11.25. Ɗayan ya yi K 3, ya tashi da 3.25. Kora ita ce makin da iska ba ta kwashewa, mai tsaro ba ya zubarwa.

Shi kuma wanda kake biya, ka daina. Babu jerin da ba ya faɗuwa a wasan da ƙungiyar da ta fi kowa ƙarfi takan sha kashi sau 55 ko 60 cikin wasa 162. Na san salonsu: hoton daren da suka ci suke sakawa, sauran darare shiru. Wasu jeri daban-daban suke raba wa mutane daban-daban, duk wanda nasa ya faɗa daidai sai ya zama shaidar talla. Kuma za ka ji suna cewa wane mai bugu ya saba dukan wane mai jifa, ya buga 6 cikin zuwa 12 a kansa. Zuwa 12 da aka tara cikin shekara huɗu, wasu tun kafin mai jifan ya koyi sabuwar jifa ko a yi masa aikin gwiwar hannu! Ciwo ɗaya ne da ERA na wasa uku, riga kawai ya sauya. Ka tambaye shi lissafin kaka guda cif, abin da ya zuba da abin da ya dawo, ka ga ko zai amsa.

Ga abin da nake dubawa, kuma duk kyauta yake a shafukan ƙididdiga na FanGraphs da Baseball Savant. Farko kason K na mai jifa a kaka guda ko fiye. Matsakaicin MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, wajen kashi 22 ne, wanda ya kai 28 ko 30 gwani ne. Ka cire kason kyautar tasha daga ciki, abin da ya rage, K-BB%, ya fi ERA hango gobe nesa ba kusa ba. Idan kana son lamba mai kama da ERA, ɗauki xFIP ko SIERA, waɗanda suke hasashen ERA ɗin da ya cancanta idan aka cire sa'a da aikin masu tsaro. Mai ERA 4.60 da SIERA 3.40 shi nake nema, domin farashinsa a ƙasa yake kuma mutane na gudunsa. Mai ERA 2.30 da SIERA 4.20 kuwa, a bar wa wasu.

Sannan wa zai fuskanta? Ka duba yawan K na ƙungiyar a kan irin hannunsa, dama ko hagu, domin akwai ƙungiyar da ke dukan na-dama amma bahago ya rikita ta. Ka duba yawan cin da kasuwar Las Vegas ta yi hasashen za su yi. Ba cewa na yi ka yi caca a can ba, lambar kawai za ka karanta. Ƙasa da 4 alama ce mai kyau ga mai jifanka, sama da 5 ka yi hattara. Fili ma yana magana. Coors Field na Denver yana sama da teku da wajen mita 1,600, iska ba ta da kauri, jifa mai lanƙwasa ba ta lanƙwasa sosai, ƙwallo kuma tana tafiya nesa. Wrigley Field na Chicago fili biyu ne, ya danganta da inda iska ta fuskanta. Filayen Seattle da San Francisco sun fi tausaya wa masu jifa.

Akwai abu ɗaya a wasannin baya-bayan nan da nake ɗauka da muhimmanci: gudun ƙwallo da yawan jifa. Idan saurin jifarsa ya ragu da mil biyu a wasa biyu a jere, sau da yawa akwai ciwon da ba a faɗa ba tukuna. Idan kuma daga jinya ya dawo, koci zai iya tsayar da shi a jifa 70, ba zai kai zango biyar da ake buƙata don nasara ba. Koci na zamanin nan ba ya son masu bugu su ga mai jifa sau uku. A wasa na shida na World Series, zagayen ƙarshe na cin kofi, ta 2020, koci Kevin Cash ya cire mai jifansa Blake Snell bayan jifa 73 kacal, yana da K 9, an buga masa biyu rak. Ƙungiyar tasu ta Tampa Bay ce kuma ta yayata salon mai buɗe wasa a 2018, wanda zai yi zango ɗaya ko biyu ya ba wani. Ka tabbata wanda ka saya mai farawa ne na gaske.

Sauran jerin ba zan ja shi ba. Gurbi goma ne, masu jifa biyu da masu bugu takwas. Ka fara da masu jifa, sannan ka nemi mai jifan da ya fi rauni a daren, mai ƙarancin K da yawan barin ƙwallo ta tashi sama, ka tara masu bugu huɗu ko biyar na ƙungiyar da za ta fuskance shi, waɗanda suke bin juna a layi. DraftKings biyar ya yarda daga ƙungiya ɗaya. Dalili shi ne hom-ron ɗaya, wato bugun da ya tsallake katanga, da mutum biyu a tasha yana biyan mutum uku a jerinka lokaci guda. Na saman layi sun fi, domin na farko yakan samu kusan zuwa ɗaya fiye da na tara a kowane wasa. Kada ka ɗauki masu bugun da za su kara da mai jifanka, duk abin da suka samu daga jikinsa ake cirewa. A gasar da rabin mutane ke ci, ɗauki mai kora mafi tabbas ko da tsada. A babbar gasa ne ake neman wanda jama'a suka gudu.

Ƙungiyoyi sukan fitar da sunayen masu farawa sa'o'i kaɗan kafin wasa. Ka duba kafin a kulle, musamman mai cafke jifa a bayan mai bugu, wanda akan hutar da rana idan ya yi wasan dare. Ka kuma duba hasashen ruwa. Idan aka tsayar da wasa na awa guda a zango na uku, masu bugu za su dawo, amma da wuya koci ya mayar da mai jifan da hannunsa ya huce.